Tabarmar da Muka Yi wa Wanka

A tsakar gidana na Azare, ƙarƙashin rumfar kwano da maigida ya kafa don shan iska, muka fara koya wa mata wankan gawa. Kwana uku ne kwas ɗin, Litinin zuwa Laraba, daga ƙarfe goma zuwa kiran azahar, lokacin da yara ke makaranta, maza kuma sun fita nema. Ni ce mai shiryawa. Mai koyarwa Goggona ce, yayar mahaifina, wadda take zaune a Katagum, kuma tun kafin a haife ni ita ake kira idan mace ta rasu a unguwarsu.

Wata rasuwa ce a layinmu ta jawo abin. Matar da ta saba yi mana wannan aiki ta koma wurin ɗanta a Misau, ba mu kuwa san girman giɓin da ta bari ba sai ranar. Gida cike da mata, wasu sun sauke Alƙur'ani, wasu sun je aikin hajji, amma da aka ce wa za ta shiga ɗaki, sai kowa ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ni ma na sunkuyar. An gama haƙa kabari, maza na zaune a ƙofar gida rana na dukansu, ana ta aike gida gida, har aka samo wata dattijuwa daga can bayan tasha. Da na dawo gida abinci ya ƙi shiga. Na ce wa maigida, "Malam, yau da ni ce a kwance, haka za a yi ta yawo ana neman mai taɓa ni."

Ya ce, "To mene ne abin yi?"

Na ce a koya. Ya ce wa zai koyar, na ce Goggo. Ya ce rumfa dai ga ta nan, benci kuma zai aro mana daga Islamiyyar unguwa.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Katagum. A gidan Goggo nake yin kowane hutu lokacin ina sakandare, kuma har yau idan na ji ƙamshin kifin banda ya haɗu da hayaƙin itace, can zuciyata take tafiya. Gidan ƙasa ne a kan hanyar da masunta ke bi zuwa kogi, da bishiyar magarya a tsakiyarsa. Muna yara mu dai 'ya'yan magaryar muke tsinta mu ci, ba mu taɓa tambayar abin da ya sa Goggo take shanya ganyen, ta daka, ta ƙulle a ƙyalle ba. A gindin bishiyar na same ta tana tsince ganye a faifai. Na gaishe ta, na sha ruwa, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Kwas kuma? Na gawa?" Ba ta ɗago kai ba. "Ku 'yan boko komai sai kun sa masa allo da alli. Ni a gefen uwata na koya. Shekara bakwai ina riƙe mata buta kafin ta bar ni in taɓa ko yatsa."

"Goggo, ba mu da shekara bakwai. Kwana uku muke da shi."

"To me za a wanke a kwana ukun? Ko za ki roƙi wata ta mutu mana ranar Litinin?"

Na ce zan san yadda zan yi. Ta ci gaba da tsintarta har na ɗauka maganar ta mutu.

"Zan zo," ta ce daga ƙarshe, "amma ba don matan Azare ba. Don kaina zan zo. Ni ma ina neman mai wanke ni. 'Yata ɗaya ce, tana aure a kudu, kafin ta iso an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Ba na kuma son baƙon hannu. Ke nake so."

Na yi dariya na ce Allah ya ja da ran Goggo. Ita ba ta yi dariya ba. Ni kuwa akwai abin da ban gaya mata ba: tsoron gawa nake. Ko mahaifiyata da ta rasu, daga bakin ƙofa na yi mata addu'a. Na tashi shirya kwas ɗin ne don a sami masu yi, ba don ni in yi ba.

Shiri kuwa na yi shi kamar mai shirin jarrabawa. Na sayi littafin rubutu, na ja layi da rula, na yi rajista. Na zana jadawali a kwali: ranar farko hukunce-hukunce da kayan aiki, ta biyu wanka, ta uku likkafani. Ni na bi gidaje ina shawo kan mata, maigida kuma ya yi magana da mazajensu a ƙofar masallaci. Mata goma sha biyu suka ba da suna. Har takardar shaida na sa aka buga a shagon kwamfuta, da fili inda za a rubuta sunan kowa. Na tanadi baho da bokitai da buta biyu, da kafur, da auduga, da yadin alawayyo.

Saura abin da za a wanke. Na kwana biyu ina tunani, daga ƙarshe na naɗe filo biyu a cikin tabarma, na ɗaure da igiya a wuya da ƙugu, na kifa ƙwarya a matsayin kai, na manna mata baƙin zaren saƙa ya zama gashi. Hannuwa kuwa tsofaffin safa ne na cusa wa tsumma. Na ɗaura mata zane da kallabi, na kwantar da ita a kan benci. Gaskiya na yaba wa kaina.

Da shiri ya kammala, Goggo ta iso wata ranar Lahadi da ƙullin garin magarya da kifin banda na tsaraba. Da safe mata suka taru, na yaye mayafin da na rufa wa bencin. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta sa hannu ɗaya ta ɗaga tabarmar sama gaba ɗaya.

"Wannan ce mamaciyar? Allah ya jiƙanta, ba ta ci abinci ba a duniya."

Wadda ta fi kowa dariya ita ce Hajiya maƙwabciyata, da katanga ɗaya ta raba mu. Babarbariya ce, iyayenta daga Borno suka zo, mu kuwa jinin Fulani ne, saboda haka tun a gaisuwar farko wasa ya ƙullu tsakaninta da Goggo.

"Ai da gani Bafulatana ce," in ji Hajiya. "Dubi ƙugu."

"Da Babarbariya ce, ko ta mutu da tun daga zaure mun ji surutunta."

Da aka fara kuwa, wasa ya kau. Goggo ba ta dubi jadawalina ko sau ɗaya ba. Ta nuna yadda ake gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu, kamar na wankan jariri. Ta nuna yadda ake rufe mamaciya, a naɗe ƙyalle a hannu a yi mata tsarki ta ƙarƙashin rufin ba tare da ido ya bi hannu ba. Sannan alwala, sannan dama kafin hagu da ruwan magarya mai kumfa, a sa kafur a na ƙarshe. A tsefe kitso, a wanke, a yi kalaba uku. Abin da ta fi maimaitawa shi ne riƙon baki. Ta ce duk abin da ido ya gani a jikin mamaciya, idan ba alheri ba ne, a ɗakin zai tsaya, ko miji ba a gaya wa.

Mata suka yi ta fitowa biyu biyu suna gwadawa. Tabarma ta sha ruwa har sai da muka riƙa shanya ta a katanga kowace azahar. Ni kuwa ba na zama. Ina kiran suna, ina raba zoɓo, ina korar awakin maƙwabta, ina rubuta matakan a allo da lamba. Kowa ta ce ina da himma. Goggo kaɗai ce take bi na da ido duk lokacin da layi ya zo kaina na tuna wani aiki a kicin. Ranar Laraba muka raba takardun shaida, aka yi addu'a, aka watse.

Ba a yi wata biyu ba, a tsakiyar bazara, wata dattijuwa ta rasu a unguwar da ke gabanmu, aka aiko gidana. Na ji wani alfahari ya taso mini, Allah ya yafe. Na kira Hajiya da wasu ɗalibanmu biyu, muka tafi tare. Su suka shiga, ni na tsaya a bayan labule da takardar matakai a hannu, wai ko za su manta wani abu in tuna musu.

Ba su manta komai ba. Ba kuma aibin marigayiya zan faɗa ba, namu zan faɗa. Sun yi tsarki, sun yi alwala daidai, da aka zo juya ta gefe ne abin ya tsaya. Sun saba da abin da ake juyawa da yatsa biyu. Suka ja kafaɗa, ƙugu ya ƙi biyowa. Suka ja ƙugu, kai ya koma baya, hannu ya zame ya faɗo a kan ƙafar ƙaramarsu. Sai na ga labule ya yaye, ta wuce ni da gudu, ba ta tsaya ba sai ɗakinta. Hajiya ta leƙo ta ce a hankali, "Shigo ki riƙe mana kai." Na dubi takardar hannuna, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Wata tsohuwa daga cikin dangin ce ta shiga a madadina. An gama, an suturta ta yadda ya kamata, amma sai da aka ɗaga lokacin salla, cikin wannan zafin.

A hanyar gida Hajiya ba ta yi mini wasa ba. Ta ce, "Tabarma muka iya wankewa. Ita ba ta da wuyan da zai langwaɓe miki a hannu. Ki gaya wa goggonki."

Na kira Goggo a waya ina kuka, na gaya mata duka, har da tsayuwata a bayan labule.

"Laifina ne," ta ce. "Tun ranar farko na ga abin, na bar shi ya tafi a wasa. Ki sake tara su, har da wadda ta gudu. Tabarmar kuwa ki warware ta ki mayar wa masu salla."

"To me za mu wanke, Goggo?"

"Ke dai tara su."

Ranar kwas na biyu mata sun fi na farko yawa, domin labari ya bazu. Benci na tsaye babu komai a kansa. Goggo ta fito daga ɗaki da doguwar riga da zane biyu a jiki, ta cire takalma, ta jingine sandarta, ta hau benci ta miƙe, ta ja mayafi har wuya.

Wata ta ce, "Haba Goggo, ba kyau. Ai kiran mutuwa ne wannan."

"Ita sai an kira ta take zuwa? Mijina yana cin tuwo ta zo, wa ya kira ta? Ku taso, rana na yi."

Ba wadda ta motsa, sai Hajiya. Ta tattare hannun riga ta ce, "Ku matsa. Yau Allah ya ba ni Bafulatana a kwance."

"Dama aikin bayi ne, fara."

"Ji ta, gawa da baki."

Dariya ta ɓalle, tsoro ya ɗan sake mu. Ba a zuba ruwa ba, da busasshen ƙyalle ake kwatanta komai a kan kayanta. Amma Goggo ta saki jiki gaba ɗaya. Mace ce siririya, in tana tsaye sai ka ce iska za ta ɗauke ta, amma mata huɗu suka yi gumi kafin su juya ta. Ita kuwa ido a rufe, baki na aiki.

"Wa ke riƙe da kaina? Kin sake shi ya bugi katako. Mutum ne, ba kabewa ba."

"Ke mai jan hannuna, jira kike in ɗaga miki? Mamaciyar gaske ba za ta ɗaga ba."

Daga kwance ta koya musu abin da babu shi a takardata. Ɗaya ta tallafe kai da tafin hannu biyu, ba ta da wani aiki sai shi. Ɗaya ta zura damtse ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a lanƙwasa gwiwa kaɗan, a juyo mutum wajen ƙirjinku, kada a tura shi can gaba. A ɗora hannunsa a kan cikinsa kafin a juya, don kada ya faɗo. Wadda ta gudu ranar nan ita ta riƙe kai, hawaye na zuba, amma ba ta saki ba.

A rana ta uku, ina tsaye da rajista, sai na ji muryarta daga ƙarƙashin mayafi.

"Ke mai biro. Ajiye biron nan ki zo."

Na ajiye. Na zo na zura hannu ƙarƙashin wuyanta. Sai ta rufe ido, ta riƙe numfashi, ta saki fuska. Nauyin kanta ya sauko a tafina, na ga fuskar mahaifina a tata, na kuma ga ranar da take nufi kamar ta riga ta zo. Na zare hannuna a hankali na shige kicin, na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Ba ta aiko a kira ni ba. Ina jin ta tana cewa, "Wa ke biye? Hajiya, zo ki ci gaba da zaluncinki."

Bayan la'asar, mata sun watse, ta kira ni ɗaki. Na shiga ina jiran faɗa. Ta zare kallabi ta ce, "Zo ki tsefe mini kai." Na tsefe, na wanke mata, na yi mata kitso. Gashin ya yi fari tas, ya yi laushi kamar auduga. Kashegari kafin ta tafi ta ce bayanta na ciwo, in shafa mata man zafi. Zuwa na gaba ta ce in yanke mata farcen ƙafa, wai idonta ba ya gani, alhali ita take zura mini zare a allura. Duk zuwan da za ta yi sai ta taho da sabon ciwo, yau kafaɗa, gobe ƙugu. Na ɗauka tsufa ne. Sai da aka yi nisa, wata rana ina murza mata ƙafa, na ce, "Goggo, anya ciwon nan na gaskiya ne?"

Ta ce, "Rabi da rabi. Abin da ba ki sani ba kike tsoro. To ga shi nan, ki san shi tun yana da ɗumi."

Waɗannan shekarun su nake kewa. Duk bayan wata uku ko huɗu sai mu yi kwas. Na daina buga takardar shaida, don ba wadda aka taɓa tambaya ita a bakin ɗakin gawa. Jadawalin kwali ma ruwa ya dake shi ban sake wani ba. Rajista kaɗai na riƙe, domin idan an yi rasuwa a wata unguwa in san wadda ta fi kusa. Mun je garin Yana sau ɗaya da gayyatar wasu mata, aka ɗaure bencinmu a saman mota. Mun yi a Katagum a gindin magarya, matan ruga suka sauke ƙwaryar nono suka zauna, Goggo na kwance tana yi musu faɗa da Fulatanci, Hajiya na cewa a fassara mata ko zaginta ake.

Ina kewar ƙarar sandarta a zaure ranar Lahadi da yamma, da sallamarta tun kafin a gan ta. Ina kewar yadda take yin walaha raka'a biyu kafin ta hau benci, ta shafa addu'a, ta ce, "To, bari in je in mutu muku." Mata su zo da nauyin zuciya saboda abin da za a koya, su koma suna dariya, kuma sun iya. Ban taɓa ganin wuri da ake ambaton mutuwa da yawa, rai kuma ya yi daɗi haka ba. Rumfar tana nan, kwas ɗin ma muna yi har yanzu, amma safiyar Litinin ba ta ƙara zama irin waccan ba.

A Katagum ne ta fara shiga da ni ɗaki na gaske. Na je hutu aka yi rasuwa, ta miƙo mini buta ta ce, "Ki zuba inda na ce. Ki kalli bakin buta, kada ki kalli komai." Na yi. Na sake yi sau da dama, a can da kuma Azare. Na saba da ƙamshin kafur, na saba da shirun ɗakin. Amma hannuna bai taɓa sauka a jikin mamaciya ba. In mun fito takan ce, "Saura ƙiris," ba ta ƙara komai.

A kwas na ƙarshe da ta zo, mata biyu ne suka ɗaga ta suka ɗora a benci, gwiwa ta ƙi. Ana cikin gwajin likkafani muka ji faɗa ya ɗauke. Aka juya ta dama, aka juya ta hagu, ba ta ce uffan ba. Mata suka tsaya suna kallon juna. Hajiya ta sunkuya ta ce, "Ke Bafulatana."

Goggo ta buɗe ido. "Barci ya ɗauke ni. Hannunku ya yi laushi yanzu."

Bayan wannan ba ta sake iya tafiyar mota ba. Ni nake zuwa in duba ta.

Da damina ta rasu. Da hantsi, ina shanya wanki, ɗan ƙanin mijinta da ke zaune da ita ya kira ni. Ya ce, "Yaya, Goggo ta cika bayan asuba. Ta bar wasiyya ke za a jira. Amma liman ya ce da azahar za a yi mata salla, ga hadari yana haɗuwa, ana tsoron ruwa ya shiga kabari."

Na zauna a ƙasa, rigar da nake shanyawa na hannuna. Abin da ya fara zuwa mini a rai ina jin kunyar faɗarsa: na ce da ma hanya ta tsare mu, wata ta yi. Hajiya ta ji salatina ta kan katanga, ta shigo da hijabinta a hannu. Ba ta tambaye ni ko zan iya ba. Ta ce, "Tashi ki sa takalmi. Malam ya tafi neman mota."

Ruwa ya cinye hanya a wuri biyu. A na biyun sai da muka jira wata babbar mota ta wuce, direba ya ga zurfinsa sannan ya shiga. Gero ya yi kore shar hagu da dama, shanu na kiwo, duniya ba ta san an yi komai ba. Ina ta kallon agogon hannun maigida, ban san ko so nake ya yi sauri ko ya tsaya ba. Da muka tsallake ruwan ne na ji bakina ya ce wa direba, "Don Allah ka ƙara wuta."

Mun isa saura awa ɗaya da wani abu azahar. Gida cike. Matan da ta koyar a Katagum sun ɗumama ruwa, sun dama magarya, sun yanka likkafani sun jera, sun zauna a bakin ƙofa. Kowacce a cikinsu ta fi ni iyawa, amma ba wadda ta taɓa ta. Da suka gan ni suka matsa gefe. Babbarsu ta ce, "Sannu da hanya. Tana jiranki."

Na yi alwala, na yi bisimilla, na shiga. Hajiya ta tsaya a wajen kai, babbar matan ta ɗauki buta. Na naɗe ƙyalle a hannu, sau biyu yana warwarewa ina sake naɗawa. Sai na yaye mayafin daga ƙafa don in gyara rufin, na ga ƙafar da na sha murzawa, da farcen da ni na yanke sati uku da suka wuce, ya ɗan fito. Na riƙe ta. Ta yi sanyi, amma ita ce. Daga nan na fara.

Abin da na gani a ɗakin alheri ne, iyakar abin da zan faɗa ke nan. Na san inda kafaɗarta ta hagu ba ta son matsi, na bi ta a hankali. Da muka zo juya ta na ɗora hannunta a kan cikinta, na zura damtsena, na juyo ta wajen ƙirjina, nauyinta duka ya kwanta a jikina. Na ɗan daɗe a haka fiye da yadda aikin yake buƙata, ba kuma wadda ta ce in yi sauri. Na tsefe kitson da na yi mata da kaina, na wanke, na yi kalaba uku. Hajiya ba ta ce komai ba tun da muka shiga, sai da aka zo rufe fuska. Ta sunkuya ta ce a hankali, "To ki rama mana, Bafulatana." Sannan ta juya ta fuskanci bango.

Mun gama kafin ladan ya kira. Maza suka shigo da makara suka ɗauke ta, an kuma rufe ta kafin ruwa ya sauko. Allah ya jiƙan Goggo, ya sa aikin da ta yi wa bayinsa ya tarbe ta.

Da gida ya ɗan lafa, na zauna a bakin ɗakin, hannuna na ƙamshin kafur, ina bin abin da na yi ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. Ko ruwan ya huce da yawa? Ko na ɗaure ƙullin ƙafa da ƙarfi? Hajiya ta zo ta zauna kusa da ni. Na tambaye ta ko ta ga na yi kuskure a wani wuri. Ta ce, "Ko ɗaya. Daidai kika yi." Na sake tambayar babbar matan, ita ma haka ta ce. Na san gaskiya suka faɗa, amma ba daga bakinsu nake son in ji ba.